Yadda Ake Neman Hasken Rana Wajen Ɗaukar Hoton Rumbu, Zaure da Tsofaffin Gidajen Gona

Ginin ƙasa ba shi da fenti, ba shi da gilashi, ba ya walƙiya. Rumbu da katangar da ke bayansa da filin da suke tsaye a kai duk launinsu ɗaya ne, tunda sau da yawa daga kududdufi ɗaya aka haƙo ƙasarsu. Abin da ke raba su a hoto inuwa ce. Sawun yatsun magini a jikin yaɓe, zaizayar da ruwan damina ya yi, tumbin rufewa, kan azarar da ya leƙo daga bango, babu wanda zai fito sai haske ya zo ta gefe ya shafo su. Shi ya sa mutum biyu za su tsaya gaban rumbu ɗaya da waya iri ɗaya, wannan ya dawo da hoton da za a tsaya a duba, wancan ya dawo da tulin ƙasa. Lokacin da kowa ya zo da wurin da ya tsaya, su ne suka raba su.

Yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet a kan hasken safe da na yamma an rubuta su ne don Turai da arewacin Amurka, inda rana ke tafiya a karkace, ta daɗe tana jan ƙafa a gefen sama. Landan tana kan digiri 51 arewa da tsakiyar duniya. Zariya tana kan 11, Kano 12, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14. A nan rana miƙewa take yi sama kai tsaye, ga kuma hazon hunturu da ba su san shi ba. Dole lissafinmu ya zama namu.

Ranar farko ba ta ɗaukar hoto ba ce

Ka je ƙauyen tun ana gobe. Ko da rana tsaka ka isa babu laifi, tunda dubawa ta kai ka. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka faɗi sunanka da garinku da abin da za ka yi da hotunan, ya haɗa ka da ɗan gari wanda zai raka ka. Ladabi ne, kuma kariya ce. Hasken da kake nema da sassafe yake zuwa, baƙon da aka gani bayan sallar asuba yana zagaya rumbunan mutane yana ɗaga waya kuwa, a halin tsaron da sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato ke ciki, ba mai hoto za a ɗauke shi ba. Inda ɗan gari ya ce kada a bi, kada ka bi.

Sai mai gida. Rumbu asirin mutum ne, abin da ke cikinsa shi ne ƙarfin gidan na shekara, kuma ba kowa ke son a san ya cika ko ya yi ƙasa ba. Ka nemi izinin ɗaukarsa daga waje, kada ka ce a buɗe maka sai in shi ya yi tayi. Ka shiga ta ƙofar da tsofaffi ke so: "Baba, ginin nan ne ya ba ni sha'awa, wa ya gina shi?" Daga nan za ka ji ko na kakansa ne, yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe, da kuma ko ana shirin rushe shi a sa bulo. Rumbuna da yawa a cikin gida suke, bayan zaure, inda baƙo namiji ba ya shiga. Mace mai hoto ta fi samun dama a nan. Namiji sai ya haƙura da na waje, ko ya jira mai gida ya sanar da iyali.

In kango ne, ka ɗaga kai ka dubi rufin kafin ka sa ƙafa. Azarar da gara ta ci ba ta nuna alama daga ƙasa. Kada ka hau kan soro don neman hoto daga sama, kada kuma ka durƙusa gindin rumbu ba ka duba ba, domin tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai maciji da kunama ke fakewa. Ka sa rufaffen takalmi.

Ka gano inda kowane bango ya fuskanta

Wannan shi ne babban aikin ranar farko. Buɗe kamfas ɗin wayarka, ka jingina bayanka da bangon, ka ga inda ka fuskanta, ka rubuta. Ka yi haka ga ƙofar zaure, da bakin rumbu, da duk bangon da ya ba ka sha'awa.

Mun saba cewa rana daga gabas take fitowa, amma mafitarta tana yawo. A yankin Kano, ƙarshen Disamba tana ɓullowa kimanin digiri 24 kudu da ainihin gabas, ƙarshen Yuni kuma digiri 24 arewa da shi. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne kawai take fitowa daidai gabas. In babu kamfas, masallacin gari zai taimaka. Alƙiblar Kano tana kimanin digiri 22 arewa da ainihin gabas, saboda haka in an saita masallacin daidai, a watan Yuni rana kusan ta gaban liman za ta fito, a Disamba kuwa can hannun daman mai salla, da tazara mai yawa.

Bangon da ya kalli kudu shi ne ɗan gata daga Oktoba zuwa Fabrairu. Da safe rana na shafo shi daga gefe ɗaya, da yamma daga ɗaya gefen, kowane ƙulli da kowace tsaga sai ta fito. Bangon da ya kalli arewa kuwa, daga ƙarshen Satumba har wajen 20 ga Maris rana ba ta taɓa shi ko na minti ɗaya. In zayyanar da kake so a can take, ko dai ka ɗauke ta a inuwa, ko ka dawo a watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da rana ta koma arewa.

Bangon gabas yana da ruɗi. Da fitowar rana za ka ga ya yi jawur ka ɗauka lokacinsa ne, alhali hasken a fuska yake dukansa, ya cike duk ramukan, bangon ya fito sumul. Launi ne za ka samu, ba jiki ba. Jikinsa sai wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da rabi, sa'ad da rana ta hau ta kusa barinsa tana shafo shi daga sama. Kuma bangon gabas ne ya fi cancantar wannan jira, domin hadarin damina a ƙasar Hausa galibi daga gabas yake tasowa, shi ke shan duka, shi ruwa ke zaizayewa har tubali ya bayyana. Saboda wannan ruwan ne a ƙauyuka da yawa za ka tarar ƙofar zaure ta kalli yamma. Irin wannan zaure na la'asar ne; in ka je masa da safe, inuwa za ka tarar.

Manhajoji irin su PhotoPills da Sun Seeker, ko shafin SunCalc, suna nuna hanyar rana a kan taswira a duk ranar da ka zaɓa. Ka duba tun kana gari, ba kowane ƙauye ke da sabis ba.

Ka auna lokaci da inuwarka

Rana a nan tana hawa kusan digiri 14 a kowace awa. Jan hasken nan mai laushi da ake yabo yana nan ne kafin ta wuce digiri 6, wato ƙasa da rabin awa. Daga nan akwai kamar awa ɗaya ko ɗaya da rabi na haske mai kyau kafin hantsi ya leƙa gidan kowa. Da sanyin safiya ake kama fara: ka kasance a wurin, ka riga ka zaɓi matsayi, minti ashirin kafin fitowar rana. A Kano tsakiyar Janairu tana fitowa wajen 6:50 ta faɗi wajen 6:20, a Yuni tana fitowa wajen 6:05 ta faɗi wajen 6:50. Damagaram kusan ɗaya suke da Kano. Sakkwato ka ƙara minti 13, Maiduguri ka rage kamar 18.

Amma ba sai ka riƙa kallon agogo ba. Malamai tun da can da ƙafa suke auna inuwa don sanin lokacin salla, suna lissafin tsawon mutum ƙafarsa bakwai. Ka ari wannan ma'auni. In inuwarka ta yi daidai da tsawonka, rana na kan digiri 45, ta yi ƙarfi. In ta ninka tsawonka biyu, ƙafa 14, aiki ya fara. In ta ninka huɗu, rana na kan digiri 14, kuma a ganina nan ne ginin ƙasa ya fi kyau: inuwa doguwa ce, launi ya ɗumama, amma hasken bai yi rauni ba. In ta ninka goma ka shiga jan haske, minti ashirin da 'yan kai suka rage maka da yamma.

Kiran sallar la'asar ma agogo ne. Da hunturu, sa'ad da aka kira, rana ta riga ta sauko wajen digiri 30, kana idar da salla sai ka fara. A watan Afrilu kuwa tana kan digiri 45 a lokacin, sai ka ƙara jiran awa guda.

Safe ko yamma? Iskar safe ta fi tsabta, dabbobi na nan a turke, hayaƙin murhu na tashi bayan darni. Yamma ta fi ja, ta fi ƙura, shanu na dawowa daga kiwo, kuma mutane sun fi samun sukunin tsayawa da kai. In kwana ɗaya gare ka, ka yi duka biyun, ka raba gine-ginen bisa ga abin da ka rubuta jiya.

Da rana tsaka rumbu mai jinka kamar mutum ne sanye da malafa: saman ya ƙone da haske, fuska ta nutse a duhu. A Kano rana na tsayawa daidai bisa kai wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen 20 ga Agusta, a waɗannan makonni abin ya fi muni. Sai dai ban yarda da masu cewa a ajiye kyamara gaba ɗaya ba. Bangon soro wanda ba shi da jinka, rana daga sama na fito da layin tubali, indararo na jefa doguwar inuwa a jikinsa, zankwaye na yanke sama tsaf. A ƙarshen Disamba ma rana ba ta wuce digiri 55 ko da tsakar rana, a kudu take tsayawa. Kuma tsakar rana ce lokacin cikin ɗaki, za mu zo kansa.

Bayan faɗuwar rana akwai minti ashirin na haske marar inuwa, sama ta yi shuɗi-shuɗi, bangon yamma na riƙe da ɗan ja. Yana da kyau in kana da abin ɗora kyamara kuma a garin za ka kwana. Bai kai a yi tafiyar dare a hanyar daji saboda shi ba.

Inda za ka tsaya

An koya wa yawancinmu a sa rana a baya. Ga hoton biki wannan na iya yi, ga ginin ƙasa shi ne ke kashe hoto. Dubi inuwarka. In ta miƙe tana nuna ginin, ka tsaya wurin da bai dace ba. Matsa har inuwar ta koma nuna hagunka ko damanka.

Ga abu mai zagaye, rumbu ko bukka ko akurki, ka zagaya shi sau ɗaya a hankali ba tare da ka ɗaga kyamara ba, kana kallon layin da haske ke narkewa ya zama inuwa. Wannan layin shi ke gaya wa mai kallo cewa abin yana da ciki. Ka tsaya inda kashi biyu cikin uku na jikinsa ke haske, ɗaya ke inuwa. Manyan rumbunan ƙasa na Adar, wajen Tawa da Buza da Madawa, masu tumbi waɗanda ake jerawa gefen gari, sun fi kowa buƙatar wannan. Ka nemi gefen da hasken ke bin jeren a tsaye, kowane ya sami haskensa, tsakaninsa da na kusa da shi ya yi duhu. In ba haka ba sai su manne da juna a hoto.

Ga gini mai kusurwa, ka tsaya a kan kusurwar, bango ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. In kuwa jikin bangon kake so, sawun yatsu ko zayyana ko shafen makuba, gwajin mai sauƙi ne: sa yatsa a jikin bangon. In inuwar yatsan ta fi shi tsawo sau biyu ko uku, ɗauka yanzu, domin cikin minti goma sha biyar ta sauya.

Kayan ciyawa da kara dokarsu daban ce. Zana, darni, gefen jinka, rudun albasa irin na manoman Galmi, waɗannan sun fi kyau in rana na bayansu, haske ya ratso ta tsakanin kara, kowane zare ya kama wuta. Haka ƙurar garke da ƙaiƙayin masussuka. Ka fuskanci rana, amma ka ɓoye ta bayan ƙoƙon jinka ko kututturen itace, ka kuma yi wa idon kyamara rumfa da tafin hannu ko hula, in ba haka ba hoton zai yi fari-fari kamar an wanke shi.

Ka kula da itatuwa. Inuwar darbejiya dabbare-dabbare take zubawa a bango, ta ɓata shi. Kuka da rani tsirara take, rassanta na zana inuwa mai kyau. Gawo kuwa da rani yake ganye, da damina ya zubar, saboda haka bangon da ya rufe a Janairu yana iya kasancewa a buɗe a Yuli. Kwanon rufi sabo yana harbo haske ya ƙona wani sashe na hoton. Ka sauya matsayi har ƙyallin ya ɓace. Wanda ya yi tsatsa ba ya damun kowa.

Ɗan durƙusa kaɗan, don duwatsun gindin rumbu su fito, jinka ta hau sama ta rabu da katanga. Amma ka riƙe wayar a miƙe. In ka karkata ta sama ginin zai zama kamar zai faɗi baya. Gara ka ja da baya ka yi amfani da ido na biyu na wayar, mai 2x ko 3x, in tana da shi. Ledar da aka rufa wa jinka, tsohon buhun taki, farantin sola, tallan kamfanin waya da aka shafa a katanga: ni dai barin su nake yi. Haka ginin yake rayuwa a yau, kuma ba kayanka ba ne balle ka kawar.

Saita waya ko kyamara

Goge idon kyamarar da tsumma mai laushi, bayan ka hure ƙurar. Kashe filasha. Taɓa sikirin a daidai inda rana ta fi haska bangon, ka danne har ya kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan. Dalili shi ne inuwar da ta yi duhu ana iya ɗago ta daga baya, amma wurin da ya ƙone ya yi fari fat ya tafi ke nan.

HDR, wani saiti da ke cikin kyamarar waya, na buƙatar hattara. Aikinsa haska inuwa, kai kuma inuwa ka tashi da asuba ka zo nema. In hasken gefe kake ɗauka, ka kashe shi, ko ka ɗauki ɗaya da shi ɗaya babu ka gwada. Ka bar shi don ƙofar zaure da rumfa, inda duhu da haske suka yi nisa da juna.

Abu na biyu da waya ke ɓatawa shi ne launi. In ta ga jar ƙasa ta cika hoto sai ta ɗauka kuskure ne, ta zuba shuɗi don ta gyara, bangon ya koma toka-toka. Shiga sashen Pro, wanda yawancin wayoyin Samsung da Tecno da Infinix ke da shi, ka nemi WB, wato saitin launin haske, ka zaɓi alamar rana ko ka sa lamba wajen 5500. In akwai RAW, wato ajiye ɗanyen hoton da waya ba ta gyara ba, ka kunna. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, tattaki ya fi.

Mai babbar kyamara ya fara da ISO 100, f/8, da 1/250 ga bangon da ranar safe ta haska, ya duba histogiram, wato zanen da ke nuna yawan haske da duhu a hoton, ya gyara. In a hannu kake riƙe da ita, kada ka sauka ƙasa da 1/60. Gilashin CPL, wanda ake ɗaura wa idon kyamara don rage ƙyalli, yana ƙara wa sama shuɗi in rana na gefenka kuma iska garau take; a cikin hazo ba abin da zai tsinana maka sai rage haske.

Cikin zaure da soro

Hasken waje ya ninka na cikin zaure sau ɗari ko fiye, ido ne kawai ke iya haɗa su. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wanda waje ya gagara, daga sha ɗaya zuwa biyu. Rana na dukan ƙasar da ke bakin ƙofa, ƙasar ta mayar da hasken ciki, ya tashi sama ya haska jeren azara da bakan gizon rufin da launi mai ɗumi. In bai isa ba, shimfiɗa farin zane ko farin buhu a wajen ƙofar inda rana ke bugawa, ka riƙa matsar da shi kana kallon rufin. Yaro ɗaya riƙe da farin kwali yana iya juya hasken zuwa lungun da kake so.

Shiga ka zauna minti biyu idonka ya saba. Tsaya ƙofar na gefenka, ba gabanka ba. Ɗora wayar a kan abu mai ƙafa uku, in babu, kan turmi ko buhun hatsi, ka sa ta jira daƙiƙa biyu ko uku kafin ta ɗauka don kada hannunka ya girgiza ta. Bar ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, a ƙasa, hoton ya ɗauki rubu'in daƙiƙa ko ma daƙiƙa guda, gini ba ya motsi. In dole ƙofar ta shiga hoton, ɗauki uku ba tare da ka motsa kyamarar ba, ɗaya daidai, ɗaya ka rage haske mataki biyu, ɗaya ka ƙara biyu, ka haɗa su a gida.

Zauren da ya kalli yamma yana da wata kyauta da la'asar sakaliya: rana na shigowa ta ƙofa ta shimfiɗu a daɓe har bangon ciki. Igiyar hasken da ke ratsowa ta 'yar taga kuwa sai da ƙura a iska take fitowa, shara ɗaya da tsintsiya ta isa. Kada ka kunna wuta don neman hayaƙi a inda akwai jinka ko hatsi.

Kowane yanayi da irin haskensa

Hunturu ne lokacin da aka fi samun sukunin tafiya, kuma shi ya fi wuyar sha'ani. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi, tana zuwa ne kashi-kashi tsakanin Nuwamba da Maris. Hazo kaɗan alheri ne: yana tausasa rana, inuwa ta rage baƙi, ka yi aiki har ƙarfe tara ko goma. In ya yi kauri, rana ba ta bayyana sai ta yi sama, fara dishi-dishi, ta kuma ɓace tun kafin ta kai ƙasa. Ranar nan babu jan haske, kada ka ɓata lokaci jiransa. Cire sama daga hoton tunda fara ce fat, matsa kusa, ɗauki ƙyaure da sakata da saƙar zana da bakin rumbu. Ko ka ja can nesa ka bar hazon ya jera maka gari hawa-hawa, na kusa da duhu, na nesa na dushewa. Kada ka sauya idon kyamara a fili, ka riƙa mayar da ita jaka.

Bazara haskenta fari ne mai zafi, safiya kawai ke da amfani. Sai dai lokacin ne ake yaɓe da baibayar jinka kafin ruwa ya sauka, mai son hoton magina a bakin aiki sai ya daure.

Hasken da ya fi kowane a shekara, a wurina, na farkon damina ne, Yuni zuwa Yuli. Ruwa ya wanke iska, ƙasa ta yi kore, shuka ba ta yi tsawon da za ta rufe gini ba. In hadari ya haɗo a gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, rana kuma na nan a buɗe a yamma, ka ruga ka tsaya yamma da gidan ka ɗan karkata gefe. Jan bango a gaban baƙin hadari, ba ya wuce minti goma, iska na tasowa ka nemi mafaka, ba gindin itace ba. Zuwa Agusta gero da dawa sun fi mutum tsawo, marka ta rufe sama, hanyoyi sun yi laka.

Kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ita ce mai sauƙi ga sabon shiga. Sama garau take kafin hazo ya sauko, ana ɗaura dammuna ana ɗagawa rumbu, ginin na cikin aikin da aka yi shi dominsa.

In ka dawo gida

Gyara kaɗan ya isa, ko a Snapseed ko a Lightroom. Rage wuraren da suka yi haske, ɗago inuwa daidai yadda za a gane abin da ke cikinta amma ta zauna a matsayin inuwa, ka miƙar da bangon in ya karkace. Kada ka ƙara launi har jar ƙasa ta koma lemo. Ƙasar Kano daban, ta fadama mai toka-toka daban, ta yashin arewa daban, wanda ya san wurin zai gane in ka yi ƙari. Hotunan ranar hazo sukan fi kyau in an mayar da su baƙi da fari.

A jikin kowane hoto ka rubuta sunan ƙauyen, kwanan wata, ƙarfe nawa, inda bangon ya fuskanta, da abin da mai gida ya faɗa game da ginin. Kafin ka sa a Facebook ka tuna ko ya yarda a ambaci garin, musamman in rumbu ne cike da hatsi. Ka wanke biyu ko uku a takarda ka aika masa ta hannun wanda ya raka ka. In kuwa ta WhatsApp za ka tura wa ɗansa, ka tura a matsayin fayil, domin in ka tura yadda aka saba manhajar na matse hoton, sawun yatsun da ke jikin yaɓen su ne farkon abin da ke gogewa.